Anini Mai Giginya

Makon nan layi ya zo kaina. Da na yi niyyar kawo muku wani abu a kan yadda ake gina tauraron labari, sai na ga gara in ba ku labarin wani kuskure da na tafka, wanda har yau ƙurarsa ba ta gama kwantawa a gidanmu ba. Kuma duk a kan maɓalli guda ɗaya ne.

Gidanmu yana wani ƙauye a ƙasar Kunci, inda gona ke manne da gona, in ka yi kira daga wannan gida a amsa maka daga wancan. A ɗakin Kaka, mahaifiyar babana, akwai wani gwangwani a ƙasan adudu. A cikinsa akwai tsakiya da murjani da tsofaffin kwabbai masu huji, sai kuma wani maɓallin tagulla da bai kai kwabo faɗi ba. Ya yi baƙi, kore ya cike lungunansa, amma ana iya ganin siffar wata bishiya a jikinsa. Shi ya sa Kaka take kiransa anini mai giginya. Masu ƙananan shekaru a cikinmu wataƙila anini ɗaya suka sani, wato na kafaɗar hafsan soja. A bakin tsofaffi kuwa anini maɓalli ne, kuma shi ne ɗan ƙaramin kuɗin nan na zamanin Turawa da sai an tara goma suke yin kwabo.

Labarin wannan anini a bakin Baffa muke jinsa, wan mahaifina, kuma duk Sallah sai ya ba da shi a zaure. Yakan ce kakan kakanmu maharbi ne. Da labari ya iso cewa Nasara sun doshi Kano a 1903, sai ya rataya kwari da baka ya kama hanyar Birni a ƙasa. Yana kan ganuwa a Kabuga lokacin da aka fasa ta. Da kibiyarsa ta ƙare sai ya yi kukan kura ya cakumi wani Bature a ƙirji, aka ɓamɓare shi da ƙyar, amma maɓallin rigar ya biyo hannunsa. Baffa yakan dunƙule hannu a nan, ya ce sai da tsohon ya kwana uku a gida kafin yatsunsa su buɗe.

Da wannan labari na girma. Da na fara rubutu kuwa, shi na fara mayarwa gajeren labari, na karanta a taron wata-wata na ƙungiyarmu a Kano. Na zage na siffanta Baturen nan: jar kwat, maɓallai goma sha biyu a layi biyu suna ɗaukar ido, dogon takalmi har gwiwa. Aka tafa mini. Ina cikin jin daɗi sai wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ba ya yawan magana a taro, ya ɗaga hannu. Ya ce, “Ɗana, labarinka ya yi daɗi. Tambaya uku gare ni. Wa ya gaya maka goma sha biyu ne? Su wane ne suka shiga ta Kabuga ran nan? Sannan maɓallin da kake magana, me aka rubuta a jikinsa?”

Ban amsa ko ɗaya ba. Goma sha biyun nan a fim na gani. Maɓallin kuwa na riƙe shi ya fi sau ɗari tun ina yaro, amma ban taɓa tunanin akwai rubutu a jikinsa ba. Na koma masauki raina a ɓace, ina cewa wannan tsoho neman suna yake yi, me ya haɗa adabi da ƙirgen maɓalli? Amma tambayar ta ƙi barina in yi barci. Washegari na fara bincike, na yi makonni a kai, tsakanin littattafan tarihi da tsofaffin hotuna da Gidan Makama.

Abu na farko da na gane shi ne, a wajen sojan ƙarni na 19 maɓalli rubutu ne da ake karantawa daga nesa. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, ƙaramin sojan Arewa yana da wata sakakkiyar kwat shuɗiya ta aiki, wadda su kansu sunan buhu suka ba ta saboda ba ta kama jiki, kuma maɓallanta huɗu ne. Kyaftin yana da tara a layi ɗaya. Kanar yana da layi biyu, bakwai-bakwai. Birgediya yana da takwas-takwas an jera su bibbiyu, manjo janar kuma tara-tara an jera su uku-uku. Kafin mutum ya buɗe baki an san matsayinsa. A farkon yaƙin, lokacin da dakarun sa-kai na jihohi suka zo kowa da launin kayansa, wasu 'yan Arewa da ruwan toka, wasu 'yan Kudu da shuɗi, an harbi 'yan uwa bisa kuskure a fagen Bull Run a Yulin 1861. A Ingila kuwa har gobe da jerin maɓalli ake bambanta rundunoni biyar masu gadin fada da ƙafa: ɗai-ɗai, bibbiyu, uku-uku, huɗu-huɗu, biyar-biyar. Ashe da na rubuta goma sha biyu, na ba mutum muƙamin da ban san ko akwai shi ba.

Da na juyo gida sai na ga mu ma muna da namu ƙirgen, sai dai ba a maɓalli yake ba. Rigarmu ta gargajiya zurawa ake yi ta wuya, ba ta bukatar maɓalli. Abin da ake ƙirgawa a babbar riga aikin allura ne, aska biyu ko aska takwas, kuma mai ido yana kallo ya san nauyin aljihun mai ita. Rawani mai kunne biyu yana da masu shi. Dogari ja da kore ne. Barde yana da lifidi ko sulke da kwalkwali. Sauran mayaƙa kuwa, manoma da maharba irin kakan kakanmu, kowa da taguwarsa da layunsa yake fita, ana gane shi da tutar ubangidan da yake bi. Haka aka yi basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, ba wani ɗinki da ya raba wannan da wancan.

To yaushe Bahaushe ya fara sa rigar soja mai maɓalli? A nan ne na sha mamaki, domin abin ya girmi zuwan Turawa Kano da shekara arba'in. A 1863, a Ikko, wani hafsan sojan ruwa na Ingila mai suna John Glover ya tara wasu Hausawa ƙalilan ya ba su bindiga da horo. Da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa. Aka riƙa kiransu Hausawan Glover, daga baya suka zama rundunar 'yan sandan Hausa masu ɗauke da makamai, kuma sojan Nijeriya na yau daga nan yake ƙirga asalinsa. An kai su yaƙin Asante a 1873 da 1874. A Gwalkwas ma aka kafa irinsu. A 1886 kamfanin Turawa na kogin Kwara ya kafa tasa rundunar, wadda ta ci Bida da Ilori a 1897. A wannan shekarar ce aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar tsaron iyaka ta Afirka ta Yamma, wadda ake taƙaita sunanta da haruffa huɗu, W.A.F.F. Ku riƙe wannan huɗun, za mu dawo kansa.

Kayan da aka ɗinka musu ma suna da nasu labarin. Tun rundunonin farko na bakin teku an san su da shuɗin yadi da jar dara. Kayan faretin da rundunar Lugga ta yi suna da su daga baya su ne kaki, da jar dara, da jar ɗamara, da wata 'yar gajeriyar jar riga marar hannu mai bakin rawaya, buɗaɗɗiya ta gaba kamar falmaran. Ta masu igwa shuɗiya ce. Saje kuwa da yawan aikin rawaya a gaban rigar ake gane shi. Asalin wannan ɗinki na Aljeriya ne. Faransawa sun ɗauke shi daga mutanen Zuwawa da suka ɗiba aikin soja bayan 1830, ya yi farin jini har wasu dakarun sa-kai na Amurka suka kwaikwaya, Ingila kuma ta sa wa rundunarta ta baƙaƙen fata ta tsibiran Karebiyan a 1858, daga nan ya gangaro mana. Dara da falmaran da alkyabba dama ta Sahara muka san su, a kan raƙuman fatake. Sai ga irinsu sun dawo mana ta teku, a jikin mutanen da aka turo su ci garuruwanmu. Yawancin sojan nan kuma ba takalmi suke tafiya, kuma da Hausa ake ba su umarni.

Wannan ya kai ni ga tambaya ta biyu ta dattijon nan. Rundunar da Kanar Morland ya taso da ita daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903, ta fasa Bebeji, ta shiga Kano ran 3 ga Fabrairu lokacin Sarki Alu yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato, ba ta kai mutum dubu ba. Turawan cikinta ba su kai hamsin ba. Ragowar, sama da ɗari bakwai, baƙaƙe ne, kuma Hausawa suna da yawa a ciki. Jar kwat mai layi biyu da na rubuta babu mai sa ta a wannan tafiya, domin zuwa lokacin Ingila ta riga ta koma kaki a fagen fama. In har kakan kakanmu ya cakumi wani a Kabuga, mafi kusa shi ne ya cakumi mutumin da zai zage shi da Hausa.

Saura tambaya ta uku. Ranar wata Juma'a na hau mota ta Bici na tafi gida. Bayan na gaida mutanen gida na shiga ɗakin Kaka, na ce, “Uwargida, a ba ni aron aninin nan in gani.” Ta ce, “Mai gida, ba ka kawo cefane ba sai binciken adudu?” Ta dai miƙo mini. Na samo lemon tsami da toka na zauna a bakin ƙofa ina gogawa. Da koren ya fita sai bishiyar ta bayyana sosai, ashe kwakwa ce, alamar rundunar. Sai haruffa suka fara fitowa. Na ƙirga. Biyar ne: R.W.A.F.F.

Na daɗe a zaune ban motsa ba. Wannan R ɗin na farko lambar girma ce da Sarkin Ingila ya ƙara wa sunan rundunar a 1928. Maɓallin da ke hannuna ba a ƙera shi ba sai bayan aƙalla shekara 25 da faɗuwar Kano.

Na ce, “Kaka, wannan aninin fa ba na zamanin zuwan Nasara ba ne.”

Ba ta ko ɗago kai daga tsintar waken da take yi ba. Ta ce, “Wa ya ce maka na lokacin ne?”

Na ce, “Baffa.”

Ta ce, “To ai ka ji a bakin Baffanka. Ni ka taɓa jin na faɗa?”

Na yi ta lalube a raina, wallahi ban tuna rana ɗaya da ta faɗa ba. Duk shekarun nan in Baffa ya fara, tashi take yi ta ce za ta duba tukunya.

A ranar ta ba ni ɗaya labarin. Ta ce lokacin da aka kawo ta gidan nan, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ta tarar da surukinta da rai, wato ɗan maharbin nan, kakan babana. Mutum ne marar magana, kullum yana gindin cediya yana tufkar igiya. Yana da wata kwat ta kaki da yake sawa da hunturu, manyan maɓallai biyar a gaba, ƙanana a bakin aljihu. A Yaƙin Hitila aka ce kowane dagaci ya kawo mutane, aka sa da shi. Ya yi shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba, sai ga shi ya dawo daga Bama da akwatin ƙarfe. Na san wannan ɓangaren a littafi: runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a dazukan Kaladan da Arakan a 1944 da 1945, kuma barikin Chindit na Zariya daga wannan yaƙi ya samo sunansa. Abin da ban sani ba shi ne da jinina a ciki.

Kaka ta ce bai dawo ya tarar da guɗa ba. A ƙauye a wancan zamani soja ba abin alfahari ba ne. Aka ce ya yi wa Nasara bauta, aka ce wa ya san abin da ya ci da abin da ya sha a can. Duk da yana da karatunsa, ba a taɓa cewa ya ja sallah ba. Da dare yakan yi ihu cikin barci da wani yare, yara suka mayar da abin wasa. Mahaifinsa, maharbin, ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa. Sannan ta nuna yamma da hannu ta ce, “Gonar bakin kuka da kuke noma gyaɗa, da kuɗin sallamarsa aka saye ta. Da ita aka aurar da kakanku, da ita aka aurar da ubanka.”

Da ya rasu ba wanda ya so kwat ɗin. Aka cusa mata kara aka kafa ta mutum-mutumi a gonar gero. Kaka ce ta bi dare ta yanke maɓallan don tana ganin asara ce. Yara suka yi ta wasa da su har huɗu suka ɓace, ta ɓoye na biyar. Baffa yana cikin yaran. Bayan shekaru sai ta fara jin ƙannen mijinta suna danganta aninin da maharbi, Baffa ya tashi ya gaji zancen ya ƙara masa gishiri. Na ce, to shi maharbin ya je Kano kuwa? Ta ce, “Haka aka ce. Ni ban tarar da shi ba. Wanda na tarar shi nake ba ka labari.”

Bayan sallar isha'i na sami Baffa a zaure, na durƙusa na yi masa bayani a hankali, na nuna masa haruffan da fitilar waya. Ya karɓa ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Kai ɗan nan, me ka ƙaru da shi? Gida yana da abu ɗaya da yake ɗaga kai da shi a gaban mutane, ka je ka yi boko ka dawo ka goge shi da lemon tsami.” Na ce, “Baffa, a gafarce ni, ai shi ma wancan kakanmu ne.” Ya ce, “Na san kakana, ba kai za ka nuna mini shi ba. A cinyarsa na yi wayo.” Ya yi shiru, can ya ce, “Rubuta abin da ka ga dama. Amma kada ka sa sunan gidan nan.” Shi ya sa ba ku ga suna ko ɗaya a nan ba.

Ban ga laifin Baffa ba, kuma ba na so ku gani. Yaro ne da ya tashi yana jin ana yi wa kakansa dariya, sai aka miƙo masa labarin da zai rufe bakin masu dariyar, ya riƙe da hannu biyu. Amma ku dubi abin da labarin ya ci. Mutum ya ƙetare teku, ya ga abin da ya hana shi barci har ya mutu, ya dawo ya saya wa zuriyarsa gonar da take ci har yau, sannan abu ɗaya da ya rage nasa a duniya aka ɗauke aka ba mahaifinsa. Ni kuma da nake kiran kaina marubuci saura kaɗan in buga wa wannan hatimi. Zancen zaure yana iya gyaruwa wata rana, in wata tsohuwa ta ga dama ta yi magana. Abin da aka buga a littafi kuwa, jikokinmu za su ɗauko shi su ce ga hujja.

Da yawanmu a nan muna son rubuta labarin tarihi, kuma ina ganin yadda muke yi. Mukan sa wa barden Sarki Alu kayan da muka gani a fim ɗin Indiya, mu sa wa sojan Lugga takalmi da hular kwano, mu mayar da duk wanda ya shigo da bindiga Bature saboda hakan ya fi sauƙin haɗiya. Shawarata ita ce, kafin ka sa wa mutum riga a labarinka, ka tambayi kanka wa ya ɗinka ta, a wace shekara, kuma me mai kallo zai karanta a jikinta. In akwai wani tsohon abu a gidanku, takobi ko tandu ko kwabo ko takardar haraji, ka ɗauko shi ka dube shi a rana. Sannan in an gama ba da labari a zaure, ka shiga cikin gida ka nemi wadda ta tashi duba tukunya.

Na koma taron ƙungiya na ba dattijon nan amsoshinsa uku, na kuma janye labarin farko daga tarin da za mu buga. Na fara wani sabo. Tauraronsa yana da kwat mai maɓalli biyar, kuma na yi wata biyu ina fama da shafin da ya sauko daga mota da akwatinsa ba wanda ya taso tarbarsa.

Aninin yanzu yana wajena. Da zan taho Kaka ta ƙulle shi a bakin tsumma ta ce, “Ungo, mai gida, ka huta da binciken adudu.” Da Sallar da ta wuce muka taru a zaure kamar kullum, yara suka ce Baffa ya ba su labarin maharbi da Bature. Ya dube ni, ya dube su, ya ce, “Ku tambayi yayanku, shi ne mai labari yanzu.” Na ce musu sai an ci abinci. Aka ci, aka watse, ban ba su ba. Babbar Sallah tana tafe, kuma na san ba za su manta ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya. Ina jiran gyararrakinku.